Kafin Larabar Toka

Duk wanda ya bar babbar hanyar Kubwa ya kama ta Bwari, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da Dutse Alhaji kwance a gindin duwatsunta. Nan muke zaune, mu baƙin da neman abinci ya kawo Abuja, tsadar haya kuma ta koro bayan gari. Wasunmu daga Kudancin Kaduna suka fito, wasu daga Filato, wasu daga ƙauyukan Katsina. Hausa ce ta haɗa bakinmu, cocin Katolika kuma ta haɗa mu zama a benci ɗaya.

Ga mai karatun da bai saba da al'adarmu ba, azuminmu kwana 40 ne, ban da ranakun Lahadi, yakan fara daga Larabar Toka ya kai mu bikin Ista. A ranar ce ake shafa mana toka a goshi, tokar ganyen dabinon da muka riƙe bara, don mu tuna ƙasa ce makomarmu. Karatun ranar, daga sura ta 6 ta Linjilar Matiyu, yakan ɗaure abu uku wuri ɗaya, wato sadaka da addu'a da azumi, ya kuma ja kunnen mai yin su don idon jama'a. Shi ya sa muke fara shiri tun da sauran makonni: a je ikirari wurin fada, a nemi gafarar wanda aka ɓata wa, a tara abin da za a ba mabukata.

Shekara da shekaru hanyarmu ɗaya ce. Mu yi karo-karo, mu sayi shinkafa da gari da manja, mu sanar a coci, mabukata su yi layi a bakin ƙofa. Ba za mu ɓoye ba, har hoto mukan ɗauka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 layin yake ƙara tsawo, buhunan kuwa suna raguwa, amma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu ba.

Sai ranar 21 ga Disamban 2024. A cocin Holy Trinity da ke Maitama, jama'a suka yi sammako don karɓar abincin Kirsimeti, aka yi turmutsutsu, mutum 10 suka rasu, 4 daga cikinsu yara. Masu rabon alheri suka nufa, kamar yadda mu ma muke nufa. Abin da ya hana mu barci ke nan. Da muka zauna shirin azumin 2025, wani dattijo a cikinmu ya ce, "'Yan'uwa, yunwa ba ta iya layi ba. Bana mu ne za mu je."

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Da aka ɗauko takarda don rubuta gidajen da za a bi, sai aka yi tsit. Ashe fuskokin masu layi muka sani, ba mu san sunayensu ba, balle ƙofar ɗakinsu. Sai da muka yi kwana uku muna cigiya wurin masu shago da 'yan acaɓa kafin takardar ta cika rabi.

Gida na huɗu da muka shiga na wata tsohuwa ce mai sayar da gyaɗa, wadda ta yi shekaru tana zama a bencin baya. Ɗaki ne ɗaya a can saman dutse, inda ko babur ba ya kaiwa. Muka yi sallama, muka ajiye mudu biyar na shinkafa da kwalbar manja, muna jiran godiya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"'Ya'yana, sannunku da hawa. Ashe kun san hanya?"

"Mama, da tambaya muka zo."

"To, madalla. Da Babanku ya rasu bara, kwana bakwai ina zaune a kan wannan tabarma ina duban ƙofa."

Babu wanda ya iya ɗaga kai. Mun tuna an yi sanarwar rasuwar a coci, mun kuma tuna kowannenmu ya ɗauka wani zai je. Cikinmu har da wadda take bin marigayin bashin kuɗin magani, wadda a kan hanya ma sai da ta yi zancen. Ba ta sake tayar da shi ba, sai daga baya muka ji ta tsage shafin daga littafinta.

A bakin ƙofa akwai jarkoki biyu cike da ruwa. Abin mamaki ne a ce madatsar ruwa ta Usuma, wadda take shayar da birnin Abuja, tana kusa da mu, amma a unguwarmu sai an saya wurin 'yan garuwa. Muka tambayi Mama yadda take hawo da su. Ta ce wani yaro ne ɗan garuwa, Bakatsine, yake ajiye mata kowace safiya tun bayan rasuwar, bai taɓa karɓar ko sisi ba. A lokacin kuwa azumin Ramadan ya riga ya kama, da ƙishinsa yake hawa dutsen. Mu da muka zo da takarda da biro, ko sunansa ba mu sani ba.

Ta karɓi shinkafar, amma da sharaɗin sai mun zauna. Muka zauna har rana ta faɗi, tana ba mu labarin zuwansu Dutse lokacin da Gwarawa suke noma inda shaguna suke yanzu.

Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga Maris. Da asuba biyu daga cikinmu suka hau dutse suka riƙo hannun Mama zuwa coci. A kan hanya suka yi kiciɓis da yaron, ya jingine kurarsa a gindin dutse, yana hawa da jarka a kowane hannu. Suka gaishe shi, suka tambayi sunansa. Ya faɗa, ya wuce, don rana tana shirin fitowa kuma akwai sauran gidaje a gabansa.