Ki Kai Yara Ganin Gida: Jega, Aliero Da Maiyama

In dogon hutu ya zo, makarantu suka rufe, yara kan cika mana gida tun safe har dare. Wata uwar ta kan miƙa musu waya ko ta kunna talabijin don ta sami sararin aikinta. To, 'yar'uwa, in kina da dangi a ƙasar Gwandu, shawarata ita ce ki nemi izinin maigida ki kai su ganin gida, ko da na mako guda ne. Zumunta a ƙafa ta ke. Yaron da bai san ɗakin kakarsa ba, bai kuwa san inda tuwonsa ya ke fitowa ba, ya rasa abin da ba a sayarwa a kanti.

Bari in bi da ke ta garuruwa uku na Jihar Kebbi, wadda aka fitar daga Jihar Sakkwato a 1991, ki ga abin da yara za su ƙaru da shi.

Ku fara da Jega, gama ita ce mararraba. Hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri duk nan su ke haɗuwa, ga kuma Gulbin Zamfara a gefen gari. Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ne ya kafa ta wajen 1820, tun zamanin da kuwa kasuwarta ta yi suna har nesa. In kun shiga kasuwa, ki danƙa wa 'yarki kuɗin cefane a hannunta. Ki bar ta ta taya tattasai da daddawa da busasshen kifi, ta ƙidaya canji da kanta, ke dai kina tsaye kusa. Lissafin da aka daɗe ana koya mata a allo, ran nan zai zauna mata. Yara za su ji ana cewa "hura" maimakon fura, ana cewa "mi" maimakon me. Ki hana su dariya, ki gaya musu Hausar kakanninsu ke nan.

Daga Jega in an nufi wajen Sakkwato, ba a daɗe ba sai Aliero, garin albasa. Yawancinta noman rani ce, saboda haka da damina abin da za ku fi gani shi ne wadda aka adana. Ki nuna wa yara yadda a ke yi mata rumbu na kara da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa, gama laima ita ce ajalin albasa. Nan za su gane dalilin da ta ke araha lokacin da aka cire ta, sa'an nan ta yi tsada in shekara ta yi nisa. Ki roƙi wata tsohuwa ta nuna wa 'yammata gabu, watau lawashin albasa da a ke dakawa a shanya, a riƙa sa wa miya. Aliero ta shahara kuma da masu ɗori, mutane na kawo masu karaya daga wurare masu nisa. Har wa yau akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006. Ki tsaya da 'yarki ta ga ƙofarta, ta ga 'yammata na shiga da littattafai. Gani ya kori ji.

In kun komo Jega kuka miƙa kudu bisa hanyar Koko da Yawuri, sai Maiyama, ƙasar noma. A watan Agusta gero ya yi kai, ko'ina shar. Nan ya kamata ku yada zango, don a nan ne yaro zai ga abincinsa tun yana tsaye a gona. Da hantsi a tsinko zogale ko rama a dafa, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji da albasar da kuka sayo. Da rana a dama fura da nono. Da dare a tuƙa tuwo, a kaɗa miyar kuka ko ta yakuwa, wadda mutanen nan ke kira sure. Kowace yarinya a ba ta aiki daidai ƙarfinta: ƙarama ta tsince ganye, ta tsakiya ta yi tankaɗe, babba ta riƙe muciya. In tuwon ya yi gudaji kada a yi mata gori, gobe zai fi na yau.

Kada ki ɗauki kayan wasa masu yawa. Ki zura ido ki ga abin da yara za su ƙaga da kansu. Wannan ya feƙe kara ya yi mota, wancan ya hau dokin kara ya ce shi ne Sarkin Kabin Jega, 'yammata kuwa su tuƙa tuwon ƙasa cikin gwangwani, su yi bikin 'yar tsana. Wanki zai ƙaru, gaskiya ne, amma sabulu na fid da laka. Bayan sallar lisha a kashe waya, a bar kaka ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kashegari ki ce su maimaita miki.

Sai dai fa damina tana da hatsarinta. Ki tafi da gidan sauro, kowane yaro ya kwana ciki. Ruwan sha a tafasa shi. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Kada ki bar su su je gulbi ko kududdufi ba babba tare da su, gama ruwa kan cika ba labari. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Ku kama hanya da safe, ku isa da sauran rana, kuma ki tambayi lafiyar hanya kafin ku tashi.

Ku kuma 'yan makaranta, kowace ta tafi da littafi da fensir. Ki rubuta sunayen garuruwan da kuka wuce, da sunan kowace miya da yadda a ke yin ta, da sunayen kakanninki har iyakar inda tsofaffi suka sani. Wadda ta rubuta da kyau ta aiko wa filin nan, mu karanta tare.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, ya raya mana zuriya. Amin.