Hatimin Masassaƙi

Sinawa ba su cika barin zane a bango ya shekara ba. Doguwar takarda ce da ake yi wa baki da siliki, a naɗe ta kamar tabarma a ɓoye, sai babban baƙo ya zo a warware. A gefen hoton akwai rubutun mai zanen da jan hatiminsa. Ni da nake karatun kimiyyar harshe, nan idona yake fara sauka, don nan ne mutum yake faɗin ko shi wane ne.

Ku ɗauki Qi Baishi. An haife shi a 1864 a Xiangtan, lardin Hunan, ɗan talakawa manoma. Jikinsa bai da ƙarfin noma, sai aka kai shi koyon sassaƙa. Ya haura shekara 50 kafin ya tare a Beijing, kuma can ma zanensa ba ya ciniki, ana yi masa kallon baƙauye. Abokinsa Chen Shizeng ne ya ce ya sake salo, sannan ya kai zane-zanensa Tokyo a 1922, aka saye su da tsada. Sai da baƙi suka yaba, na gida suka waiwayo. To, wannan hali ai mun san shi.

Abin da ya kama ni, bai ɓoye asalinsa ba. Jatan lande yake zanawa, da kaguwa, da ƴan tsaki, da kabeji. Cikin sunayen da yake sa hannu da su akwai Mu Ren, wato mutumin katako. Kuma yakan liƙa farashin aikinsa a gida, gwargwadon faɗin takarda, kamar kowane mai sana'a.

Ya rasu a 1957. A 2017 an yi gwanjon wasu zane-zanensa 12 na duwatsu da koguna a Beijing kan yuan miliyan 931.5. Amma a 2011, wani zanen gaggafa da aka taya yuan miliyan 425.5, mai sayen ya ƙi biya, don an yi shakkar ko nasa ne.

Nan ne ciwon. Yawancin masu tara zane yau suna suke saye, shi ko hatimi kowane gwanin sassaƙa yana iya kwaikwayonsa. Mutumin da ya ƙi yin ƙarya a kan asalinsa, ga shi da sunansa ake yin ta. Kafin ka tambayi wa ya zana, don Allah tsaya ka dubi jatan landen, ko yana motsi cikin ruwan.