Majami'un da Aka Sassaƙa Cikin Dutse a Ƙasar Habasha

Habasha ƙasar duwatsu ce. Babban birninta, Adis Ababa, yana bisa tudun da ya haura mita 2,300, wato kusan ninki biyu na tudun Jos. Baƙo yakan yi haki ko da ɗan matakala ya hau, gama iskar wurin ba ta ƙosar da huhu. Shekara biyu muka yi a birnin nan ina koyarwa a wata makarantar mishan, ba mu taɓa fita nesa ba. A watan Oktoba na 2019, da damina ta ɗauke, muka ce bai kamata mu koma gida ba mu ga Lalibela ba. Muka tara ɗan abin da ya samu, ni da uwargida da yaranmu uku, muka tafi na kwana uku.

Lalibela tana arewa, cikin jihar Amhara. Da mota tafiyar takan ci kwana biyu saboda hawa da gangara, amma jirgin sama kamar awa guda yake yi. Daga filin jirgi muka shiga wata ƙaramar mota, ta yi ta hawa da mu tana kewaya dutse. Uwargida ta ƙi duban taga saboda zurfin kwari. Yara kuwa sai murna suke, suna nuna gonakin da aka yi hawa hawa a jikin dutse. Abin da aka fi shukawa shi ne tef, wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar acca. Da shi ake yin injera, wani faffaɗan abinci mai tsami, ya ɗan yi kama da sinasir. Garin kansa yana kimanin mita 2,500 sama da teku, dare ya yi sai mun sa rigunan sanyi.

Majami'u 11 ne suka sa duniya ta san wannan gari. Mu mun saba a kafa harsashi, a ɗora tubali bisa tubali har a kai rufi. Su kuwa daga sama suka fara. Sai su zaɓi falalen dutse, su haƙa rami mai zurfi kewaye da shi, a bar wani ƙaton curi a tsakiya. Sa'an nan su huda ƙofa da tagogi, su shiga ciki suna sassaƙa, su fid da ginshiƙai da ɗakuna, duk daga dutse guda. Wanda gudumarsa ta kuskure ba shi da halin gyara. Wadda ta fi girma ana ce da ita Bete Medhane Alem, wato Gidan Mai Ceton Duniya. Tsawonta ya kai mita 33, faɗinta 23. Wadda ta fi kyau a idona ita ce Bete Giyorgis, mai siffar gicciye. Ba ka ganinta daga nesa. Sai ka zo bakin ramin ka ga rufinta daidai da ƙafarka, ginin kuma ya nutse ƙasa kamar mita 12.

An ce Sarki Lalibela ne ya sa aka yi wannan aiki. Ya yi sarauta wajen shekara ta 1200. A zamanin nan zuwa Urushalima ya yi wa Kiristan Habasha wuya, sai ya yi niyyar yi musu sabuwar Urushalima a gida. Har wa yau rafin da ya ratsa tsakanin majami'un sunansa Yordanos, wato Urdun. Mutanen wurin sukan ce mutane suna aiki da rana, mala'iku su ci gaba da dare. Wannan faɗarsu ce. Ni dai na ga sawun kurfi a jikin bango, na tuna da hannuwan da suka yi kanta a kan aikin Ubangiji.

Ran Lahadi da asuba muka je sujada. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Jama'a sun yafa fararen mayafai, maza gefe ɗaya, mata gefe ɗaya. Ba kujeru, tsofaffi suna dogara da dogayen sanduna. Firistoci suna rera waƙa da Ge'ez, tsohon harshen ƙasar, ana kaɗa manyan ganguna a hankali.

Da muka fito, babban ɗanmu ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Baba, wane Bature ne ya kawo musu wannan?" Na san tushen tambayar. Tun muna gida abokan wasansa suke yi masa gori cewa yana bin addinin Turawa, abin kuwa yana damunsa. Muka zauna a kan dutse na ba shi labari. Wani yaro mai suna Furumentiyus, mutumin Taya, aka kama a bakin Jan Teku aka kai shi fadar Aksum. Shi ya koyar da ɗan sarki, Ezana, wanda ya karɓi bangaskiya wajen shekara ta 330, har ya sa aka buga gicciye a kan kuɗin ƙasarsa. Mai bisharar da aka aika daga Roma zuwa ga kakannin Turawan Ingila bai sauka can ba sai a 597. Na ce masa, "Ka lissafa da kanka." Ya lissafa, ya yi murmushi.

Ba dukan al'adunsu ne suka yi daidai da koyarwarmu ba. Suna roƙo ta wurin tsarkaka, talaka kuma ba ya jin Ge'ez sosai. Wannan ya sa na ƙara gode wa Allah da muke da dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Amma a wajen naciya sun ba mu kunya. Mun ga wata tsohuwa ta gangaro daga ƙauyen kan dutse, ba takalmi, cikin sanyin asuba. Mu kuwa yayyafi kaɗan yakan hana mu zuwa sujada.

Bayan komowarmu gida, yaƙi ya kai har Lalibela a 2021, aka kuma sāke yin faɗa a wurin a 2023. 'Yan'uwa, mu da muka san zafin tashin hankali, kada mu manta da su cikin addu'armu ta iyali. Iyaye kuma ku ba 'ya'yanku wannan labari, domin in an yi musu gori su san abin da za su amsa cikin ladabi. Allah ya ba Habasha salama, ya ba mu mu ma. Amin.