Ranar da Ƙafafun Mota Suka Yi Mana Gardama

A daminar da ta wuce, mu uku aka tura mu koyon karantarwa a wani ƙauye na ƙasar Roni, cikin masarautar Kazaure. Wanda ya san wajen ya san duwatsu ne da kwazazzabai da rairayi, in ruwa ya sauka kuwa hanya sai mai ƙarfin hali. Wata rana da almuru ciwo ya tasar wa mai masaukinmu, dattijon da ya riƙe mu kamar 'ya'yan cikinsa. Aka samo mota Hilux mai jan ƙafa huɗu, irin wadda mutanen Nijar ke kira katkat, muka kwantar da shi a baya, muka nufi asibitin Kazaure.

Cikin taɓo da rairayi direba ya sa giyar ƙafa huɗu, mota ta yi ta ratsawa ba gardama. Amma da muka hau kwalta muka zo wata kwana mai tsanani, sai ƙafafun gaba suka kama rawa, sitiyari na fizgar hannun direba, tayoyi na ƙugi, mota na tsalle kamar doki ya ga kura. Dattijo ya yi nishi, mu kuwa kowa ya kama addu'ar da ya taso da ita tun makarantar allo. Ɗayanmu har ya ce ko iskokin duwatsu ne. Direba ya tsaya, ya yi ribas kaɗan a miƙe, ya zare giyar, ya ce, “Malamai, ku gafarce ni, mantuwa na yi.” Muka isa lafiya, dattijo kuma Allah ya ba shi sauƙi.

Kashegari muka tambayi wani tsohon bakanike, muka ce, “Baba, mene ne asalin wannan rawa?” Ya zana mana a ƙasa da tsinke, mu kuma muka koma muka auna da lissafi, muka tarar maganarsa dutse ce.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da mota ke shan kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya nisan tafiya. A ce tsakanin gaba da baya mita 3 ne, na baya kuma suna kewaya da'ira mai nisan mita 4 daga cibiya. To, na gaba mita 5 ke nan daga cibiya, watau in na baya sun ci mita 4, tilas na gaba su ci 5. Amma giyar nan ta ɗaure farfelar gaba da ta baya, dole su juya daidai wa daida. A rairayi taya takan sulɓe, a rabu lafiya. A kwalta ko kan fa kuwa ba sulɓi, sai ƙarfe ya yi ta murɗuwa har taya ta yi tsalle ta saki. In an dinga haka, giya ko farfela ce za ta biya bashin. Saboda wannan ne Range Rover, da aka fitar a Ingila a 1970, aka sa mata na'ura a tsakiya mai barin gaba da baya kowa ya juya gwargwadon tafiyarsa.

Baba ya ƙara mana biyu. Waɗansu motocin suna da gaɓar ƙarfe mai kamar gicciye kusa da ƙafar gaba. In an karya sitiyari ƙwarai, juyinta yakan yi sauri ya lafa sau biyu a kowane zagaye, har direba ya ji a hannunsa. Sa'an nan in an zare giyar rawa ba ta daina ba, to, ciwo ne na gaske. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi lako-lako, a duba boris da gaɓoɓin da ke riƙe da ita tun ba su kai mutum rami ba. Rigakafi ya fi magani.

To, 'yan'uwa, abin da ya tsaya mana a rai shi ne wannan. A ajin da muka riƙe akwai yaro wanda sai ya kai awaki kiwo kafin ya zo, akwai ɗan malam wanda ya iso da karatu a bakinsa. Mu kuwa muka ɗaure su a giya ɗaya, muka ce kowa ya kai shafi kaza ran Alhamis. Da aji ya rikice muka ce yara ne ba su ji, har muka taɓa bulala. Ashe laifin direba ne. A makarantar allo da muka fito, kowane almajiri da allonsa, ba a wanke wa wani domin wani ya haddace. Mun san wannan tun muna ƙanana, sai ga shi mota ce ta tuna mana. Da muka koma muka raba ajin kashi biyu, kafin wata ya mutu mai awakin nan ya fara haɗa baƙi.

Allah ya sa mu gane lokacin ɗaurewa da lokacin saki, amin.