Dutsen da Ba a Sayen Sa da Sikeli

Mu da muka taso inda ake haƙar ma'adinai, sikeli muka sani a matsayin alƙalin darajar dutse: kilo nawa ne, nawa za a biya. Sai da muka shiga kwalejin fasaha muka ji akwai masu sayen dutse don kawai su ajiye shi cikin akwatin gilashi. A wurinsu, gutsuren da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yana iya fin buhu guda tsada.

Linarait na cikin irin waɗannan duwatsu. Haɗin dalma ne da jan ƙarfe da sinadarin salfet, shuɗi ne mai ƙyalli kamar sabon rinin baba. An fara bayyana shi a 1822, sunansa kuma daga Linares na ƙasar Sifen ya fito. Fitattun samfuransa sun zo daga Leadhills a Sikotilan da mahaƙar Tiger a jihar Arizona ta Amurka.

Wahalar ita ce yana da sa'a mai kama da shi, wato azurait, wanda ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ido kaɗai ba ya raba su. Abin da muka koya shi ne gwaji uku. Taurin linarait 2.5 ne a ma'aunin Mohs, na azurait kuwa 3.5 zuwa 4. Linarait ya fi nauyi saboda dalmar da ke cikinsa, kusan 5.3, azurait kuma wajen 3.8. Na uku, a ɗiga asid na haidirokulorik mai rauni a kan ɗan ɓarɓashi: azurait zai yi kumfa, linarait kuwa sai ya yi fari-fat ba tare da kumfa ba.

Bayan an tabbatar da shi, masu tarawa sukan duba zurfin launi, girman ƙwayoyin, da ko suna nan lafiya a kan dutsen da suka tsiro. Takardar da ta nuna mahaƙar da ya fito ma tana ƙara masa kuɗi. Da zarar guduma ta taɓa shi, darajar ta tafi.

Nan ne abin ke sosa mana rai. Mun saba da daka dutse kafin mu tambayi menene shi. A 2010, ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma da aka riƙa niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Don haka duk wanda ya tsinci dutse shuɗi mai nauyi, kada ya daka, kada ya lasa. Ya naɗe shi a takarda, ya rubuta inda ya samo shi, ya wanke hannu, ya nemi masani. Allah ya kare mana yaranmu.