Ɗalibi a Paris da katin shiga gidajen tarihi

Ɗalibin da zai shekara a Paris ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Katin Paris Museum Pass na kwana 2, 4 ko 6 ne a jere, don baƙo mai gaggawa aka yi shi. Mai zaman karatu in ya saya, kuɗin bursinsa ya ɓarnatar. Tun 2009, wanda bai kai shekara 26 ba, muddin yana da takardar zama a Faransa, kyauta yake shiga Louvre da Orsay. Wanda ya haura haka sai ya jira Lahadin farkon wata, ranar da Orsay da Quai Branly, ma'ajiyar kayan tarihin Afirka, ba sa karɓar ko sisi. Mai yawan komawa gida guda kuwa, katin shekara ya fi masa.