Daren da Aka Datse Mana Ruwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwanta zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya zama ginshiƙin rayuwar mutanenmu. Sai dai ruwan ya zo da tasa husumar: mai gona kusa da bakin kanal yakan ƙoshi, na can ƙarshe kuwa sai abin da aka rage masa.

Gonar mahaifina, a ƙasar Garun Malam, tana cikin na ƙarshe. Wata shekara, tumatirinmu na fure, wani manomi na sama da mu ya datse ruwa dare uku a jere. Da asubahin rana ta huɗu yayana ya wasa adda ya fita, ni kuma, ina yaro, na bi shi daga nesa.

A hanya muka tarar da wani dattijo, tsohon ɗan tauri, zaune a bakin kanal. Ashe mahaifiyarmu ce ta aika masa tun cikin dare. Bai yi wa yayana wa'azi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kawo addar in riƙe maka. In an kira azahar ruwa bai iso gonarku ba, zo ka karɓa." Yayana ya miƙa masa, domin ya san mai maganar ya san ƙarfe fiye da shi. Dattijon ya ɗauko mai unguwa, suka je wa manomin. Kafin azahar fangalanmu sun cika.

Shekaru bayan haka na karanta labarin shirin da likita Gary Slutkin ya soma a Chicago ta Amurka a 2000, wanda daga baya aka kira Cure Violence. Ana ɗaukar mutanen da matasa ke jin maganarsu, su shiga tsakani kafin a harba bindiga. Nan take na tuna da dattijon nan.

Mu manazarta mun tattara kirarin 'yan tauri, amma ban ga mun kula da wannan aiki nasu na kashe wuta tun tana hayaƙi ba. Ɗan sanda yakan iso ne bayan jini ya zuba. Abin da asubahin nan ya koya mini shi ne, girman dattijon kaɗai ba zai wadatar ba: da ba a sako ruwan ba, da addar ta koma hannun mai ita.